Fastoci Biyu a Garin da Ya Rufe Ƙofarsa

A ƙarshen watan Agusta na 1665 aka kawo wa telan ƙauyen Eyam dilar yadi daga Landan. Eyam ƙauye ne a cikin duwatsun Derbyshire, a tsakiyar Ingila, mutanensa manoma ne da masu kiwon tumaki da masu haƙar dalma. Kamar yadda labarin garin ya zo, mai taya telan aiki, George Viccars, shi ya kwance dilar. Ya ji yadin da danshi, sai ya baza shi gaban murhu don ya bushe. Ba a yi kwana nawa ba zazzaɓi ya kwantar da shi, aka binne shi ranar 7 ga Satumba. Bayan mako biyu wani ƙaramin yaro na gidan da yake zaune, Edward Cooper, ya bi shi. Daga nan sai maƙwabta. Kafin Oktoba ya fita an kai kusan mutum talatin kushewa.

Ba wanda ya jira a gaya masa sunan cutar, domin labarin abin da take yi a Landan ya riga ya gama ƙasa. A wannan shekara takardun hukuma sun ƙirga mutum 68,596 da annobar ta kashe a birnin, masana kuwa suna ganin adadin ya kusa 100,000. Sarki Charles na Biyu ya fice, majalisa ta koma Oxford da zama, attajirai da likitoci da limaman coci masu yawa suka bi sahu. Cutar takan fara da zazzaɓi da amai da ciwon kai, sai kaluluwa ta taso a hammata ko a wuya ko a matsematsi, fata ta yi baƙaƙen tabo, kafin mako ya zagayo yawanci an gama. Mutanen wancan zamani sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce, ko fushin Allah, ko duka biyun. Sai a 1894 wani likita, Alexandre Yersin, ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, bayan shekara huɗu kuma aka gane cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓera.

Limamin cocin Eyam a lokacin shi ne William Mompesson, saurayi wanda bai kai shekara talatin ba, ya yi karatu a Cambridge, yana da mata mai suna Catherine da 'ya'ya ƙanana biyu, George da Elizabeth. Shekara ɗaya kacal ya yi a garin kafin annoba ta shigo. Kuma garin bai karɓe shi da hannu biyu ba.

Dalilin ya girmi Mompesson. Ingila ta yi yaƙin basasa tun daga 1642, tsakanin sarki da majalisa, kuma rigimar addini tana cikin tushen yaƙin. A gefen majalisa akwai waɗanda ake kira Furitan, masu ganin cewa Cocin Ingila bai gama rabuwa da al'adun Roma ba. Ba sa son farar rigar limami, ba sa son durƙuso wajen karɓar Jibin Ubangiji, ba sa son alamar gicciye a goshin jariri ranar baftisma, da yawansu ba sa son bishop ma sam. A 1644 aka tuɓe limamin Eyam mai goyon bayan sarki, Shoreland Adams, aka ɗora Thomas Stanley, ɗan Furitan. Stanley ya shekara goma sha shida yana riƙe da ikkilisiyar. Shi ya yi wa yaran garin baftisma, shi ya ɗaura auren iyayensu, shi ya binne kakanninsu. Da sarauta ta dawo a 1660 aka mayar da Adams. A 1662 majalisa ta yi doka cewa duk limamin da ba zai tsaya gaban jama'a ya amince da duk abin da ke cikin littafin addu'a na Cocin Ingila ba, ya sauka. Kusan limamai 2,000 suka zaɓi sauka, Stanley ma ya ƙi amincewa. A 1664 aka hana taron sujada na fiye da mutum biyar a wajen cocin hukuma. A Oktoba na 1665, majalisar nan da ta gudu Oxford don tsoron annoba ta sami sukunin ƙara wata doka: limamin da aka sauke kada ya kusanci tsohuwar ikkilisiyarsa da ƙasa da mil biyar sai ya yi rantsuwar biyayya.

To Stanley yana nan cikin Eyam, a gidansa, ba mumbari ba albashi. Mompesson kuwa wani babban mai ƙasa ne, Sir George Savile, ya ba shi muƙamin bayan rasuwar Adams a 1664. Mutanen gari ba su zaɓe shi ba, amma doka ta tilasta musu zuwa cocinsa, ta kuma tilasta musu ba shi ushirin abin da suka noma, domin da shi limami yake ci. Duk faston da aka taɓa turawa ikkilisiyar da ba ta gama kukan rabuwa da tsohon fastonta ba ya san irin wannan zama. Ana gaishe ka da ladabi, ana zuwa sujada ranar Lahadi, ana ba da baiko. Amma in miji da mata sun sami saɓani, ko tsoho ya ji ajali ya matso, ƙofar wancan ake ƙwanƙwasawa. Kana iya yin shekaru kana wa'azi ga mutanen da ke auna kowace kalmarka da muryar wani. Na Mompesson ya fi haka nauyi, tunda wancan ɗin yana tafe a titi ɗaya da shi, kuma a idon rabin gari shi ne mai gaskiyar da aka zalunta.

Da hunturu ya shigo cutar ta lafa, amma ba ta tafi ba. Kowane wata sai ta ɗauki 'yan mutane. Gidan Sydall, wanda ke fuskantar coci, ya rasa uba da 'ya'ya da dama tun farkon annobar. Wata 'yar gidan, Emmott, tana da saurayi a ƙauyen Stoney Middleton da ke maƙwabtaka, sunansa Rowland Torre. Mutanen garin suna ba da labari cewa ta hana shi shigowa, sai dai su hangi juna daga gefe biyu na wani kwari, har ranar da ya zo bai gan ta ba. Ta rasu a Afrilu na 1666. A watan Mayu mace-macen suka ragu ƙwarai, har aka fara cewa an tsira. Da zafi ya fara a Yuni sai cutar ta dawo da ƙarfin da ba a taɓa gani ba.

Masu hali sun riga sun kwashe iyalinsu. Waɗanda suka rage su ma suka fara ɗaure kaya. Catherine ta roƙi mijinta su tafi. Ya ce shi ba zai bar ikkilisiyarsa ba, ita dai ta ɗauki yara ta tafi. Ta ƙi. Suka tura yaran biyu wajen dangi a Yorkshire, ita ta zauna.

A nan ne Mompesson ya yi abin da nake ganin ya fi duk sauran labarin wuya. Ya fahimci cewa in mutanen Eyam suka watse, za su kai cutar Sheffield da Bakewell da sauran garuruwan kewaye. Ya kuma fahimci cewa in shi kaɗai ya tashi ya ce kada kowa ya fita, ba mai saurarensa. Sai ya nemi Stanley.

Ka dubi abin da kowannensu ya haɗiye. Mompesson wakilin cocin hukuma ne. Tsayawa kusa da mutumin da doka ta ce bai cancanci hawa mumbari ba, mutumin da zamansa a garin ma laifi ne, amincewa ce a gaban kowa cewa maganar korarre ta fi tasa nauyi. Saurayi mai neman suna a coci bai cika yin haka ba. Stanley kuwa an nemi ya ara wa wanda ke zaune a gidan limamin da shi ya taɓa zama, yana cin ushirin da shi ya taɓa ci, darajar da ya tara cikin shekara goma sha shida. Da ya ga dama sai ya naɗe hannu ya bar yaron ya kunyata, kuma da mutane da yawa sun ce ya yi daidai. Bambancinsu ba na son rai ba ne kawai, kowannensu ya gaskata cewa ɗayan yana kan kuskure a al'amarin da ya shafi ceton rai, kuma Ingila ta zubar da jini a kan wannan bambanci. Ba su warware shi ba. Sun ajiye shi gefe suka fita tare gaban jama'a a watan Yuni na 1666.

Abu uku suka nema. Na farko, a daina kawo gawa makabartar coci, kowane gida ya binne mamacinsa da gaggawa a gonarsa ko bayan gidansa. Mai karatu na yau zai iya ɗaukar wannan ƙaramin abu, amma ga Kiristan ƙauye na wancan ƙarni kwanciya a tsarkakakkiyar ƙasar coci, kusa da iyaye da kakanni, bayan limami ya karanta addu'ar jana'iza, yana cikin abin da ake rayuwa ana sa rai da shi. A ce wa uwa ta ja ɗanta zuwa bakin gona ta rufe shi ba ƙararrawa ba taro, wannan kusan hana ta ta'aziyyar ƙarshe ce da coci ke iya bayarwa. Kuma limaman da aikinsu ke nan su ne suka ce a bari.

Na biyu, a rufe cocin. Sujada ta koma wani kwari a gefen gari mai suna Cucklett Delf, inda akwai wani dutse mai huda a tsakiyarsa. Mompesson yakan tsaya a kan dutsen, kowane iyali ya tsaya nesa da ɗan'uwansa a kan gangara. Waɗanda suka ga rigimar da aka sha a 2020 a kan rufe majami'u da masallatai sun san abin da ake ce wa shugaban addinin da ya kulle ƙofar ɗakin ibada da hannunsa a lokacin da mutane suka fi buƙatar addu'a.

Na uku shi ne babba: ba shiga ba fita, har cutar ta wuce. Musulmi mai karatu zai tuna da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana fita daga cikinta, da yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda haka. Su fastocin nan biyu daga nasu Littafin suke magana, inda aka bambanta makiyayi na ƙwarai da ɗan ƙodagon da ke gudu in kyarkeci ya taso, inda kuma aka ɗaukaka mai ba da ransa domin abokansa. Sai dai wa'azi ba ya cika tukunya. Garin da ya rufe kansa yunwa za ta buɗe shi cikin mako guda. Mompesson ya rubuta wa Earl na Devonshire, babban basaraken yankin, wanda gidansa na Chatsworth ke 'yan mil kaɗan daga Eyam, shi kuma ya ɗauki nauyin aiko da abinci da magani muddin mutane suka tsaya a inda suke. Alheri ne, amma akwai lissafi a ciki: wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ya san abin da zai yi wa nasa.

Aka sa wuraren ajiye kaya a kan iyaka. Ɗaya wani dutse ne tsakanin Eyam da Stoney Middleton, an huda ramuka shida a kansa, ana zuba ruwan khal a ciki. Mai kawo abinci ya ajiye ya ja da baya, mutumin Eyam ya zo ya ɗauka ya jefa kuɗi cikin ramin, don sun yi imani khal ɗin yana kashe dafin cutar. Ɗayan wurin wata rijiya ce a arewacin gari da har yau ake kira da sunan Mompesson. Dutsen ma yana nan da ramukansa.

Yuli ya ɗauki fiye da mutum hamsin. Agusta ya ɗauki fiye da saba'in, wata rana biyar, wata rana shida. A wata unguwar gona da ake kira Riley, can gefen gari, gidan maƙeri Talbot ya ƙare kusan ƙaf a cikin Yuli. Maƙwabtansu su ne gidan Hancock. Tsakanin 3 da 10 ga Agusta, Elizabeth Hancock ta binne mijinta John da 'ya'yanta shida, cikin kwana takwas. Ana cewa mutanen Stoney Middleton suna hangen ta daga kan tudu tana jan gawa tana haƙa, ba wanda ya iya matsowa. Ita cutar ba ta taɓa ta ba. Kaburburan suna nan a filin, an kewaye su da ɗan gini.

Gidan da ba wanda ya rage da ƙarfin haƙa sai a kira Marshall Howe, wani mahaƙin dalma da ya kamu tun farko ya warke, ya tabbata cutar ba za ta sake kama shi ba. Yakan ɗaura igiya a gawa ya ja ta zuwa rami, sa'an nan ya koma cikin gidan ya ɗauki abin da ya ga dama a matsayin ladansa. Akwai labarin da ake bayarwa na wani mutum mai suna Unwin da Howe ya saɓo zai kai rami, sai ya buɗe ido ya nemi abin sha, kuma ya rayu. Howe ba waliyyi ba ne, amma ba don shi ba da gawawwaki sun ruɓe a ɗaki. Matarsa da ɗansa sun mutu a wannan Agustan.

Me fasto yake yi a irin wannan gari? Ba wa'azin kan dutse ne ya cinye kwanakinsu ba. Mompesson da Catherine suna bin gida gida, suna kai abin da suke da shi na magani, wanda a gaskiya ba ya maganin komai, suna addu'a da masu jinya, suna sauraron waɗanda suka rage. Stanley kuwa, ban da ziyara, ya zama marubucin wasiyya. Manomin da bai iya rubutu ba, yana ganin kaluluwa ta taso masa, yana so a san wa zai gaji saniya da gona in matarsa ma ta bi shi, sai a kira tsohon fasto ya zo da alƙalami. Sunayen mamata kuma ana shigar da su littafin ikkilisiya ɗaya bayan ɗaya, da ranar kowa, shi ya sa yau muka san su. Ziyara, addu'a a bakin shimfiɗa, sasanta gado, riƙe littafi, neman abinci wa mabukata: aikin da fasto ke yi kowane mako ne ko babu annoba, wanda ba ya shiga labari. Abin da ya canza shi ne kowace ƙofa da suka shiga tana iya zama ta ajalinsu. Ina ganin wannan zirga-zirgar ce ta riƙe iyakar garin fiye da kowace huɗuba. Da wuya ka tsallake dutsen iyaka da dare alhali mutumin da ya roƙe ka ka tsaya shi ne ya zauna jiya a gefen ɗanka.

Catherine dama ba ta da ƙoshin lafiya, tana fama da ciwon huhu. Mutanen garin suna cewa wata yamma cikin Agusta suna tafe ita da mijinta a bayan gari, sai ta ce iska tana mata ƙanshi mai daɗi, gabansa ya faɗi, domin an ɗauki jin irin wannan ƙanshi alamar kamuwa. Kwana kaɗan ta yi a kwance. An binne ta ranar 25 ga Agusta na 1666, tana da shekara 27. Ita an sa ta a makabartar coci, kabarinta yana nan kusa da ginin.

Abin da muka sani tabbas game da zuciyar Mompesson ya fito ne daga wasiƙu uku da ya rubuta. Ta farko, ranar 31 ga Agusta, zuwa ga 'ya'yansa ce, waɗanda a lokacin ba su isa karatu ba, don su karanta in sun girma. Ya ba su labarin mahaifiyarsu da yadda ta cika. Ya ambaci cewa ta kira 'yar aikin gidan ta nemi gafararta a kan duk wata magana mai zafi da ta taɓa faɗa mata. Ya kuma ce ya yi mata tambayoyi a kan bangaskiyarta, ta wurin wa take sa ran ceto, ta amsa masa. Wannan wuri yana tsayar da ni. Matarsa tana mutuwa, shi kuma miji ne, amma aikin fasto ya hau kansa, ya yi mata abin da ya yi wa sauran masu mutuwa a garin. Wani zai ga taurin zuciya a ciki. Ni na ga mutum ne da bai da wani abin da zai iya ba ta sai abin da ya iya. Kuma shi kansa ba shi da faston da zai zo ya zauna da shi, in ba tsohon abokin hamayyarsa ba. Lahadi ta zagayo, dole ya hau dutse.

Washegarin wasiƙar farko ya rubuta wa Sir George Savile. Ya ɗauka shi ma tafiya zai yi, don haka wasiƙar ban kwana ce. Ya danƙa masa amanar marayunsa, ya roƙe shi ya zaɓar wa Eyam mutum mai tawali'u da tsoron Allah ya gaje shi. Ya ma kwantar masa da hankali cewa takardar da za ta iso hannunsa ba ita ya taɓa ba, wani ne zai kwafe ta. Kwana ɗaya bayan wannan wasiƙa, ranar 2 ga Satumba, gobara ta tashi a Landan ta cinye tsakiyar birnin, hankalin ƙasa duka ya koma can.

Mompesson bai mutu ba, bai ma kamu ba. Da sanyi ya sake shigowa cutar ta ja da baya. Mutum na ƙarshe da aka rubuta shi ne Abraham Morten, ranar 1 ga Nuwamba na 1666. Ranar 20 ga watan Mompesson ya rubuta wa kawunsa John Beilby wasiƙa ta uku. Ya kwatanta garin da Golgota, wato wurin ƙoƙon kai na cikin Littafi Mai Tsarki, ya ce cutar ta shiga gida 76 ta kashe mutum 259. Ya ce yanzu aikin da ake yi shi ne ƙona tufafi da kayan ɗaki, kuma shi ya ƙona nasa fiye da kima don mutane su gani su bi, har abin da ya rage masa da ƙyar yake kare shi daga sanyi. Adadin da aka fi ambata yau shi ne 260 cikin wata goma sha huɗu.

Labarin ya yi shekaru da yawa a bakin mutanen gari kafin ya shiga littafi sosai. William Wood, ɗan garin, shi ya tattara shi a 1842, kuma daga wajensa yawancin labaran Emmott da Howe suka fito. Ya ce mutum 350 ne a garin, 83 suka rage. Masu bincike na baya da suka bi takardun haraji da na coci sun nuna mutanen sun kai wajen 700 ko fiye, ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka mutu. Masanin tarihi Patrick Wallis ya nuna a 2006 cewa marubutan ƙarni na goma sha tara sun yi wa labarin ado, kuma killace gari ba baƙon abu ba ne a Ingilar wancan zamani, hukuma takan tilasta shi. Talakan Eyam ma ko ya fita, garuruwan kewaye ba za su buɗe masa ƙofa ba. A 2016 wasu masana biyu, Lilith Whittles da Xavier Didelot, suka yi lissafi da sunayen littafin ikkilisiya, suka ce kusan kashi uku cikin huɗu na masu kamuwa daga mutum suka ɗauka, ba daga ɓera ba, kuma yara da gidajen talakawa sun fi mutuwa. In haka ne, tsayawar ta kare maƙwabta da gaske, ta kuma ƙara wa waɗanda suka tsaya haɗari da gaske.

Akwai tambayar da ba na so a tsallake. Mompesson ya fitar da 'ya'yansa kafin a rufe gari, Elizabeth Hancock ba ta sami wannan dama ba. Mai neman laifinsa ya samu a nan, kuma ba zan ce bai da hujja ba. Faston da ke da iyali kullum yana tsakanin gida biyu, wanda ya haifa da wanda aka ba shi kiwo, kuma duk wanda ya fifita, ɗayan zai yi ƙorafi. Mompesson ya raba: ya ceci yaran, ya zauna shi da matarsa, ya biya da ita. Ban ga yadda zan tsaya daga nesa in ce ga rabon da ya fi wannan adalci ba. Har yau, ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta, ana yin sujada a Cucklett Delf don tunawa, ana kuma ajiye furanni a kabarin Catherine.

Mompesson ya bar Eyam a 1669. Savile ya ba shi ikkilisiyar Eakring a Nottinghamshire. Mutanen can suna da labarin cewa kakanninsu sun ji tsoron ya zo musu da cutar, shekara uku bayan ta wuce, suka ƙi barinsa ya shiga gari, ya zauna a wata bukka a dajin Rufford yana musu wa'azi a gindin bishiya har suka saki jiki. Ya sake aure a 1670, ya sami muƙami a babban cocin Southwell, ya rasu a 1709. Sunansa ne ya shiga littattafai da zane-zane, domin shi ne na cocin hukuma, kuma shi ya bar wasiƙu.

Stanley bai bar wasiƙa irin wannan ba, kuma ba a mayar masa da mumbari ba. William Bagshaw, wani fasto da shi ma aka sauke a 1662, ya rubuta a 1702 cewa wasu sun je wajen Earl na Devonshire suna neman a kori Stanley daga Eyam, tunda doka ta hana shi zama a can. Basaraken ya ƙi. Ya ce abin da ya fi dacewa shi ne ƙasar baki ɗaya ta gode wa mutumin da ya kula da garin, ya kuma hana cutar isa garuruwan da ke kewaye, godiyar da ta wuce ta fatar baki. Aka ƙyale shi, ya ci gaba da zama cikin mutanensa har ya rasu a 1670.